Abin Da Salatif Ya Rufe

Ranar da Nu'uman ya fara ganin Khairiyya ba mace ya fita nema ba. Keke ya je dubawa, shi ma kallo kawai.

Malamin firamare ne a wani ƙauye can cikin Achika, yana zaune a Wudil tare da mahaifiyarsa, Inna Turai. Tun da man fetur ya yi tashin gwauron zabi babur ɗinsa ya zama kaya a soro. Daga ƙarshe ya sayar, ya yi wa Inna maganin ciwon ƙafa, ragowar ya ƙulle don keke. Hedimasta kuwa ya riga ya ja masa kunne sau biyu a kan makara.

Shagon Malam Haladu mai keke yana kusa da gada. Malam ya tafi sallar la'asar, sai 'yarsa a ciki, ta ɗora rim a cinya tana ɗaure masa wayoyi.

Nu'uman ya yi sallama, ya nufi wani jan keke mai ƙyalli, da ƙaton shok a ƙarƙashin sirdi. Ya danna, ya sake dannawa, yana murmushi shi kaɗai.

"Malam, ina za ka riƙa zuwa da shi?" in ji ta.

"Cikin Achika. Kullum."

"To cire hannunka. Wannan na masu zagaya unguwa ne ranar salla."

Ta tashi ta nuna masa wani ruwan toka a lungu, na hannu, duk ya koɗe. Shok ɗinsa ɗaya ne, a gaba. Bayansa a sandare yake.

"In kuɗinka kaɗan ne, irin wannan ake saya. Shok ɗin baya mai arha nauyi ne kawai, ya shanye maka ƙarfin ƙafa a yashi, ya lalace kafin damina ta fita. Tsaya a kansa mu ga tsawonku. Juya tayar, ka ga ba ta rawa? Matsa birki. Sannan ka bi duk inda aka yi walda da yatsa, nan keke yake ɓoye ciwonsa."

Nu'uman yana gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, alhali rabin bayanin ya wuce ta bayan kunnensa. Ɗan bakin mai da ya shafe ta a haɓa yake kallo.

Bai sayi keke ba ranar. Lambar waya ya tafi da ita.

Cikin wata biyu ya zama Malamina, ita kuma Khairina. Yana dawowa daga Achika ƙafa duk ƙura, ya yi wanka, ya tafi zance. Da manya suka je gaisuwa, Malam Haladu bai ɓoye musu komai ba. Ya ce akwai Saifuddeen, ɗan wani dillalin shanu a kara, wanda ya daɗe yana aike, kuma dangi duk can suka karkata. Amma tunda yarinya ta nuna nata, zai jira zuwa kaka. Sharaɗinsa ɗaya: ya ga yaron riƙe da aikinsa. Ba zai ba da 'ya ga wanda ake shirin kora ba.

To a nan ne abin ya kwaɓe, kuma ni har yau ina jin haushinsa.

Daga ranar gaisuwa Malam Haladu ya tashi daga mai keke ya koma suruki. Nu'uman ko hango shi ya yi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa. Yaya zai shiga shagonsa ya riƙa shafa walda da yatsa, kamar yana zargin dattijo da algus? Yaya zai buɗe baki ya taya? In an faɗi kuɗi ya gaza, ya tona wa kansa asiri. In an rage masa, dangin Khairiyya su ce tun ba a ɗaura ba ya fara cin arzikin surukai.

Khairiyya ta turo masa saƙo:

"Malamina, ruwan tokan nan fa yana nan. Na tura shi can ciki don kar wani ya gani. Ka zo gobe."

Ya amsa:

"Khairina, ba zan iya ciniki da Baba ba. Wallahi ƙafata ba za ta shiga ba."

"Kunya za ta kai ka makaranta?"

Nu'uman ya kife wayar. Ranar Juma'a ya saci jiki ya shiga kasuwa, ya sami wani baƙo da ya baza kekuna a ƙasa. A ciki akwai mai shok ɗaya a gaba, irin wanda ta ce. An naɗe jikinsa kaf da salatif, kore da rawaya, yadda mutanenmu suke yi don kada fenti ya goge. Nu'uman ya ga haka ya ce lallai mai shi ya riƙe shi da daraja. Ya juya taya, ya matsa birki, ya tsaya a kansa. Walda kuwa tana ƙarƙashin ado, kuma ya ga rashin ta ido ne ya ɓare wa mutum kayansa kafin a yi ciniki. Ya biya, ya hau.

Hanyar gida ta gaban shagon gada ta bi. Malam Haladu yana zaune a benci ya ga surukinsa na gobe ya sauko, ya gaishe shi, ya tura keken wani ya wuce.

Da yamma saƙo ya shigo:

"Baba ya ce shekara talatin yana sayar da keke a garin nan, ba a taɓa ce masa kayansa ba su isa ba sai yau. Ya ce kar ka zo zance sai ya neme ka. Me ka yi mana haka, Nu'uman?"

Sunansa ta kira. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Kwana tara keken ya yi. A na goma an kwana ana ruwa, Nu'uman ya makara, ya sako gangaren wani kwazazzabo da gudu. Bai ji komai ba sai ƙas, gaban keken ya rabu da bayansa. Masu zuwa gona ne suka ɗauko shi a amalanke, ƙafar dama ta karye a wuri biyu.

Ya kwanta a ɗakin Inna, ƙafa a ɗaure, yana kallon rufi. Sati na biyu hedimasta ya aiko da gaisuwa, da kuma labarin cewa an ba wani ajinsa, don yara ba za su zauna ba malami. Sati na uku wata maƙwabciya ta shigo dubiya, ta kasa riƙe bakinta, ta ce an ga motar gidan su Saifuddeen a ƙofar Malam Haladu har sau biyu.

Babu aiki, babu keke, babu ƙafa. Gero kuwa ya fara fitar da kai a gonaki. Nu'uman ya daina cin abinci sai Inna ta zauna ta tsare shi. Wata rana ya yi kuka, irin wanda namiji yake juya fuska bango ya yi.

Ya ɗauki waya ya rubuta:

"Khairiyya, na sakar miki alkawarinki. Ki bi maganar Baba. Ba ni da abin da zan riƙe ki da shi, kuma ni na jawo. Ki yafe mini."

Sai bayan azahar amsa ta zo:

"Ni na ba ka alkawarin, ni ce mai karɓa, kuma ban karɓa ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, Malamina, na gaji da kuka kuma ban san yadda za a yi ba. Baba ko sunanka ba ya son ji."

Haka suka zauna, kowa a ɗakinsa.

Fushi daban, dubiya daban. Wata Asabar da hantsi Malam Haladu ya yi sallama, don ba zai yarda a ce mara lafiya yana kwance a garinsu bai leƙa ba. A soro ya ci karo da gawar keken, an jingine ta gida biyu. Mai sana'a ba ya iya wucewa. Ya tsuguna, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin daga wuyan keken. Tsohuwar tsagewa ce, ta yi baƙi, an cike ta da gam an naɗe.

Ya shiga ɗaki da guntun salatif a hannu. Nu'uman ya yunƙura zai sauko daga katifa.

"Kwanta. Yaya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

"Allah ya ƙara sauƙi. Tambaya ɗaya zan yi maka. Me ka gani a shagona da ya sa ka kai kuɗinka wajen wanda ya sayar maka da wannan?"

Nu'uman ya sunkuyar da kai.

Inna Turai ce ta amsa daga bakin ƙofa. "Malam, ba raini ba ne. Kunyarka ce. Kwana uku yana zagaye tsakar gidan nan yana cewa ba zai iya taya kayanka ba, ba zai iya duba maka kaya kamar bai yarda da kai ba. Na ce ya je, ya ƙi."

Malam Haladu ya juya guntun salatif ɗin a hannunsa. Ya dubi ƙafar, ya dubi yaron da har yanzu ya kasa ɗaga ido.

"Kai yanzu saboda kada ka haɗa ido da ni ka karya ƙafarka?"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Sakarai," in ji Malam, amma muryarsa ta sauka. "Ni ina can ina cewa ka raina ni. Wata guda ina hana yarinya barci a kan abin da babu shi." Ya goge fuska da hannun riga. "Na ce sai mai aiki, na sani. Aiki ana rasawa a samu wani. Wanda zai ji nauyina haka, ban ga ranar da zai wulaƙanta mini 'ya ba. In ka miƙe ka zo shago. Za ka duba, za ka taya, zan ƙi, ka ƙara. A shago ni mai keke ne."

Haka aka yi, bayan wata biyu. Ya je da sanda, ya bi walda da yatsa gumi na keto masa, ya taya da muryar da sai an kasa kunne. Malam ya ce albarka har sau biyu kafin ya sallama, Khairiyya tana ciki ta toshe baki da mayafi.

Ajinsa bai dawo ba. Sai a sabon zango aka tura shi wata makaranta a Utai, ƙafar kuma ta warke da ɗan ɗingishi wanda likita ya ce ya zauna ke nan.

An ɗaura aure bayan an gama shigar da dawa. Da aka shafa fatiha, Malam Haladu ya ratsa jama'a ya kamo hannun angon, wanda ke ƙoƙarin durƙusawa da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa.

"Tsaya a tsaye," ya ce. "Ka biya wannan tuni. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a tsakaninku, ya ba ku zuri'a ta gari."

Jama'a suka ce amin. Nu'uman ma ya ce amin, hawaye na zubo masa, hannunsa cikin na surukinsa.