Fasinjan Tsohon Jirgi

Ku matso kusa, ku rage murya. Abin nan a kan Gwadabe direban tirela ya faru, mijin Goggo Ladiyo.

Wani gidan tarihi ne ya sayar da ɗan ƙaramin jirgin sama mai farfela ɗaya ga wani attajiri mai tara tsofaffin jirage. Shekara arba'in jirgin yana girke a rumfa. Babu inji a cikinsa, fukafukan ma an kwance su, an ɗaure a gefe. Aka ɗora wa Gwadabe, ya kama hanya shi kaɗai.

Dab da magariba ya shiga dajin da ke kafin gadar kogi. Nan ya hangi mutum a bakin titi sanye da tsohuwar rigar fata irin ta matuƙan jirgin sama, duk zafin nan. Bai tsaya ba. Amma da ya waiga, mutumin na zaune a kujerar gefensa.

"Wa ya ce a taɓa min jirgi?"

Muryar na kakkatsewa kamar ta tsohuwar rediyo. Kuma sai bakin ya gama motsi sannan maganar take fitowa.

Gwadabe ya rantse masa shi ɗan aike ne kawai. Sai ya ji wani abu a baya. Fat. Fat. Fat. Ya duba madubi, ga farfela tana juyawa.

Mota ta ƙara gudu da kanta. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya so ya yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Can ya daina jin ƙarar tayoyin gaba a kan kwalta. Ga gada tana matsowa, siririya.

Gwadabe ya roƙi baƙon don Allah, ya ambaci 'ya'yansa huɗu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na shiga masa baki. Baƙon ya ce shi ma shekara arba'in yake jiran iska ta bugi hancin jirgin, yau kuwa sai ya tashi.

"Ranka ya daɗe, fukafukan a kwance suke," in ji Gwadabe. "Kogi za mu faɗa, ni da kai."

Baƙon ya juya kansa har baya, kafaɗarsa ba ta motsa ba. Ya daɗe yana kallon fukafukan.

Farfela ta sassauta. Tayoyi suka daki kwalta. Motar ta tsaya da taya ɗaya a leɓen gada. Kujerar babu kowa, sai sanyi da warin kananzir.

Gwadabe ya kai kaya, ya roƙi attajirin kada ya mayar da fukafukan. Attajiri ya yi dariya, ya sa aka ɗaura.

Bayan kwana uku aka wayi gari filin da attajirin ya girke shi babu jirgi. Sawun tayoyinsa ya yi taku ashirin a kan rairayi, sannan ya ƙare.

Don haka kada ɗayanku ya bi dajin nan shi kaɗai da magariba. In kuwa kun ji farfela a sama, ku sunkuyar da kai, ku wuce.