Idon Mujtaba

A wani shagon maganin feshi a Birnin Kebbi Sharifa ta fara ganin Mujtaba, kuma da faɗa aka soma. Ita ce mai jiran shagon, shi kuwa mai feshin gonakin shinkafa ne daga Argungu. Yana buɗe kwalin da ya saya ya zaro takardar ciki, ya naɗe soyayyen kifinsa da ita.

"Malam, mi kaka yi haka? Wagga ita ta takardar kariya! Ita ka gaya maka haɗarin magani da abin yi in ya taɓa ka."

Ya yi dariya. "Turanci ne zalla, ranki shi daɗe. Sai in ke za ki karanta min."

To, ta nan ya samu lambarta, ɗan wayo. Kullum sai ta fassara masa sashe guda ta tura.

"Sashen farko sunan magani ne. Na biyu haɗarinsa: yana ƙona ido. Ka ci abinci kuwa, Sahibina?"

"Na ci, Hasken raina. Ƙaro karatu, malama."

Da haka har suka yi alkawarin aure. Ana cikin haka wata ta kawo mata tsegumi, wai an gan shi a Ambursa yana zance da wata yarinya. Ƙanwarsa ce fa! Amma Sharifa ba ta tambaya ba, ta yi fushi ta daina rubutu. Sashen taimakon gaggawa ne ke gaba, ba ta tura ba.

A satin nan jarka ta kuɓuce masa a gona, maganin ya fantsamar masa a fuska. Abokan aikinsa suka yi abin da suka saba: suka ɗiga masa madara a ido, suka ɗaure da rawani wai kada iska ta shiga. Takardar kuwa cewa ta yi a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta ba ƙaƙƙautawa, ga randarsu cike a gindin bishiya. Kafin a kai asibiti idon dama ya mutu, na hagu saura dishi-dishi.

Sharifa ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mahaifinta ya ce atafau ba za ta auri Mujtaba ba.

"Ɗiyata ba ta tahiya jan gora. Ga Abdussamadu ɗan mai shagonku, lahiyayye, ya aiko."

Mujtaba ma ya sa ƙanwarsa ta rubuto: "Na yahe miki alkawari. Fuskarki ma ban iya gani. Ki auri mai ido."

Wannan saƙon ya fi komai yi mata ciwo. Ta daina zuwa shago, ta rame ta lalace, abinci sai Ummanta ta zauna a kanta. Ranar da dangin Abdussamadu za su zo, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, abin da zai ceci idonsa yana hannuna, na riƙe don fushi."

"Tausai ne ke nan. Ba a aure don tausai."

"Na so shi tun yana da ido biyu, Baba. In kun ba ni wani zan tahi, amma ban san yadda zan zauna ba."

Tsohon ya share fuska da hularsa.

"Akwai wuya, Sharifa."

"Na sani."

Bayan girbi aka ɗaura aurenta da Mujtaba a unguwar Badariya, aka kai amarya Argungu. Likita dai ya ce idon hagun ba tabbas. Da 'yan rakiya suka watse, Mujtaba ya ce a hankali, "Matso wajen taga, Hasken raina."

Ta matso. Ya ɗaga hannunta daf da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Ja-ja nika gani. Lalle ne?"

"Lalle ne," ta ce, hawaye na zuba.

"Alhamdulillahi. Na ga lallen amaryata."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, Ya bar masa ɗan hasken da ya rage.