Tulun Inna Rahma

"Salima, don Allah ki ce ba ki da lafiya!"

"Ni? Inna da kanta ta gayyace ni, Hafizu. Kai ka dama, kai za ka sha."

Ga abin da ya faru. Watan jiya Inna Rahma ta ba ɗanta Hafizu sabon tulu ginin garin Jiratawa, ta ce ya ɗebo mata ruwan rijiyar waliyyi da ke bayan garin Tsibiri, ko gwiwarta ta yi sauƙi. Yaron banza ya biya unguwar Zariya wurin budurwarsa Salima, zance ya yi daɗi har la'asar. Salima ta cika tulun a pompon gidansu. Inna ta sha, ta shafa, ta ce ta ji dama. Yanzu hutu ya zo, ta ce sai su ukun sun je rijiyar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A bakin rijiyar mata na ta ɗura gora. Inna ta ajiye tulun, ta miƙa wa Hafizu guga.

"Ja, ɗan albarka. Ai ka san hanya."

Ya jawo. Ruwan ja-ja ne, yana warin kanwa. Wanda ya kai mata kuwa fari ne tas. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Idan Inna ta ce yarinyar nan ce ta lalata shi, maganar aure ta mutu.

"Inna..." ya durƙusa. "Ban zo nan ba. Laifina ne, ba nata ba!"

"A'a Inna, ni na cika..." Salima ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

Inna ta kurɓi ruwan, ta shafa a gwiwa.

"A Tsibiri aka yanke cibiyata, Hafizu. Ni za ka koya wa ɗanɗanon wannan ruwa? Tun kurɓar farko na sani. Kifi na ganinka, mai jar koma."

Ba wanda ya ɗaga kai.

"Ke, share hawaye. Mai cewa ni na yi, ita nake so a gidana. Bayan Salla kawunsa zai je wurin babanki." Ta juya. "Kai kuma cika tulun nan, ka ɗora a ka. Da ƙafa har gida Sabon Gari. Mu za mu hau mota."