Zuciyar Surukar Dakta Nafi'u

A ɗakin gwaji na asibitin zuciya da ke Sabuwar Zariya, wata zuciya ta haske tana bugawa a tsakiyar iska. Na'urar da ake kira Madubi ce ta zana ta. Aikinta shi ne ta kwaikwayi zuciyar majiyyaci, ta gwada zura ƴar ragar ƙarfen da ke buɗe toshasshiyar jijiya, tun kafin a taɓa jikin mutum. Wahalar tana inda jijiya ta rabu biyu: ka buɗe reshe ɗaya, ragar ta danne bakin ɗayan.

Dakta Nafi'u, wanda ya ƙera Madubi, ya sake gwadawa. Raga ta buɗe, ƙaramin reshen ya shaƙe, zuciyar hasken ta tsaya cak. Tun safe haka ake ta yi. Zuciyar kuwa ta surukarsa ce, Hajiya Tabawa. Idan raga ta gagara sai an tsaga ƙirjinta, kuma jikinta ba zai ɗauka ba. Tsoro ya kama shi sosai.

Matarsa Rumasa'u ta same shi ya dafe kai. Ta tambayi wanda ya ɗauki hoton zuciyar. Ya ce shi da kansa, har wayoyin na'urar shi ya manna mata a jiki, ai ba aikin da zai bar wa wani ba ne.

Ta dube shi, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. "Haba Dakta. Matar da ko ruwa ba ta sha a gabanka? Ina jin ko numfashin kirki ba ta yi ba."

Haka ne kuwa. Kunya ta ɗaure jikin tsohuwa, jijiyoyi suka tsuke, Madubi ya kwafi abin da ya gani.

Wata likita ta sake ɗaukar hoton, Nafi'u yana waje. Reshen ya fito da faɗinsa. A gwajin farko raga ta zauna daram, jini ya bi hanya biyu. Washegari aka saka wa Hajiya ragar gaskiyar.

Da aka ce an gama lafiya, sai ya zauna a ƙasa yana hamdala. Ƙuruciyarsa duka ya ƙarar a kan na'urar da yake alfaharin zuciya ba ta iya ɓoye mata komai, ga shi babban taimakon da ya yi shi ne ficewa daga ɗaki.

Hajiya ta aiko a gaishe shi, amma ta ce kada ya shigo tukuna, ba ta ɗaura ɗankwali ba.