Tuwon Furera a Dajin Falgore

Da Malam Ubale ya yi ritaya daga aikin koyarwa, sai ya sayi tsohuwar mota ƙirar kwambi, ya cire kujerun baya, ya sa katifa da risho, wai zai ga ƙasa kafin ƙarfi ya ƙare. Matarsa Furera ta ce ita kam ba ta barin ɗakinta da awakinta a garin Ƙofa don ta kwana a mota. Ya yi lallashi har ya gaji, ya tafi shi kaɗai.

Duhu ya riske shi a dajin Falgore, kan hanyar Doguwa. Ya raɓe gefen titi, ya yi sallar lisha, ya kulle kansa ciki. Bai daɗe da kwanciya ba kukan gyare ya ɗauke ɗif. Sai ƙamshin miyar kuka da man shanu ya cika motar, irin wadda Furera ke kaɗawa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa a hankali.

"Na sake shawara, na biyo ka." Muryar Furera ce, har da 'yar dishewar nan tata. "Ga tuwo, kada ya huce."

Daɗi ya hana shi tambayar kansa wace mota ta kawo ta. Ya zare sakata, ƙofa ta fara ja baya.

"Yi sauri mana, Ubale."

Hannunsa ya sandare. Tun da aka ɗaura musu aure, ko a cikin faɗa Furera ba ta taɓa kama sunansa ba. Ta tsagar ƙofar kuwa, yatsu masu sanyi sun riga sun riƙe masa wuyan hannu.