Ƙwayar da ke Cikin Tandu

A bazarar 1998, lokacin da wahalar man fetur ta sa samun mota ya zama sai mai rabo, wata tsohuwar bas da ta taso daga Tsafe ta tsaya a Kwatarkwashi. Aka cusa Mas'udu a kujerar baya, da tsinkakken bel ɗin injin niƙa a kafaɗarsa, zai je Gusau neman sabo. Bai gama zama ba ya taka ƙafar wata yarinya.

"Malam, ƙahwar ga tawa ce, ba ta mota ba," in ji ta.

Ya juyo zai ba da haƙuri, sai ya ɓuge da kallonta. Baƙa ce mai wushirya, idanunta tar, kuma da gani ba ta tsoron magana. Sunanta Juwairiyya, 'yar Bilbis, mai ɗinkin hula.

Ya sayi ƙosai ta taga ya miƙa mata. Ta saci kallon agogon hannunsa, ta girgiza kai.

"Azumi kike?"

"A'a."

"To ba ki cin na baƙo ne?"

"Ina ci. Lokaci ne bai yi ba."

Sai da suka hango Gusau ta sake duban agogon, ta ce, "Ina ƙosan ga?" Saura biyu a takardar, ya ba ta yana jin kunya. Da suka sauka a tasha ya tambaye ta inda za ta, ta ce wurin wani. Wannan "wani" ya tsaya wa Mas'udu a rai har ya koma gida.

Duk da haka bai yi sati ba ya nemo gidansu. Ya sa mata suna 'Yar Bilbis, ita kuma tana kiransa Na Dutse saboda dutsen garinsu. Ranar da babur ɗinsa ba mai, sai ya ɗauki murya a kaset ya ba direban mota ya kai mata.

"Salamu alaikum, 'Yar Bilbis. Yau na niƙa wa wata tsohuwa gero cikin dawa, ta zage ni tas, kuma laihinki ne. In na kashe inji muryarki nike ji, in na tada shi ma ita ce. Ki gaishe da Inna. Ki ci abinci in lokacin naki ya yi."

Ta mayar masa a ɗaya gefen kaset ɗin: "Na Dutse, ka biya tsohuwa geronta. Hular da nike ɗinka ma ta kusa, sai dai ban san girman kanka ba, tunda kullum ƙara kumbura shi kakai. Ka taho da kanka, na gaji da magana da rediyo."

Abin da Mas'udu bai sani ba shi ne, shekarun baya Juwairiyya ta yi wata jinya mai wuyar gane kai. Kasala, barci ba dare ba rana, jin sanyi a tsakiyar zafi. An sha rubutu, an sha saiwa, sai a babban asibiti a Zariya aka gano cewa wata 'yar tsoka ce a gaban wuyanta, wadda likitoci ke kira tayirod, ba ta fitar da sinadarin da jiki ke bukata. Aka ɗora ta kan wata 'yar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya kafin ta sa komai a ciki, sannan ta jira lokaci kafin ta ci abinci, har iya rayuwarta. Ta warke sarai kamar ba ita ba.

Saurayinta na farko da ya ji an ce magani ne na har abada, ko sallama bai yi ba. Tun daga nan mahaifiyarta, Inna Hasana, ta kafa doka.

"In kinka hwaɗa ma wani namiji kahin a ɗaura, ban yahe miki ba."

Don kada baƙo ya ga kwali ya yi tambaya, Inna Hasana kan ɓare ƙwayoyin ta zuba su a tandun kwalli, ta jefa kwalin a murhu. A ganinta ta rufa wa 'yarta asiri ke nan.

Wata rana Mas'udu ya je Gusau sayen man inji, sai ga Juwairiyya ta shiga wani kemis a bayan kasuwa. Ya laɓe jikin rumfar mai shayi. Mai kemis ɗin, wani saurayi mai suna Sahabi, bai ɗauko komai daga kanta ba. Ƙarƙashin tebur ya sunkuya ya zaro wani ƙunshi, ya miƙa mata suna dariya. Daga Kano yake yi mata odar maganin don ba a cika samunsa a Gusau ba, amma wa zai gaya wa mai kishi haka?

Da yamma ya iske ta a zauren gidansu.

"Mi wancan mai kemis ɗin ya ba ki?"

"Au, bina kakai yanzu?"

"Tambaya na yi."

"Saƙon Inna ne," ta ce, tana kallon tabarma.

Ya tashi ya tafi, amma zuciyarsa ba ta yarda ba.

Da maganar aure ta taso, Iya, mahaifiyar Mas'udu, ta ce ita ba ta kai kaya gidan da ba ta san cikinsa ba. Iya mace ce da ko gishiri aka ba ta kyauta sai ta lasa ta tabbatar. Ta tura babbar 'yarta Wasila Bilbis, da sunan ta zo biki mota ta ƙare mata. Aka karɓe ta hannu biyu, aka shimfiɗa mata a ɗakin Juwairiyya.

Bayan sallar asuba Wasila ta yi lamo kamar mai barci. Ta ga yarinyar ta jawo tandu daga ƙarƙashin katifa, ta zazzago wani ɗan farin abu, ta haɗiye da ruwa, ta waiga, ta mayar. Da Juwairiyya ta fita shara, Wasila ta ƙulle guda biyu a bakin zaninta.

"Iya, na san irinta," ta ce da ta isa gida. "Na ga ana ba matan aure a asibiti. Ƙarama haka, kullum guda. Ta hana ɗaukar ciki ce."

Iya ta dafe ƙirji. "Budurwa? To mi take tsoro?"

Amma Iya ba ta yanke hukunci da jin baki. Tana da wata jar kaza da ba ta fashin ƙwai a akurki. Ta daka ƙwayoyin, ta kwaɓa da tsaki, ta ba kazar, ta zauna jiran sakamako. Washegari ba ƙwai. Jibi ma haka. Kafin sati ya zagayo, kazar ma sai a gan ta jefi-jefi, ta tsattsaga ta ɓace.

Iya ta kira ɗanta. "Auta, na gwada da idona. Abin da ya tsaida kaza shina tsaida mace. Ba ni kai kaya gidan ga."

Mas'udu ya so ya musa, sai ƙunshin Sahabi ya faɗo masa a rai. Ya hau babur sai Bilbis.

"Juwairiyya, mi ke cikin tandu?"

Yau bai kira ta 'Yar Bilbis ba. Ta ɗago a firgice, ta buɗe baki, sai ta tuna maganar Inna.

"Magani ne."

"Na mi?"

"Ba ni iya hwaɗi yanzu. Ka yarda da ni, Na Dutse. Wallahi ban taɓa yin abin kunya ba."

"In gaskiya ne, ki bar shan shi. In gani."

Ta kalle shi, hawaye na zuba. "Shi kake so?"

"Shi nike so."

"To na bari."

Ta bari ɗin kuwa, ba tare da Inna ta sani ba. Da farko ba abin da ya faru, har ta fara tunanin ko ta rabu da ciwon. Amma damina na kankama jikinta ya soma ba da labari. Fuska ta kumbura, jiki ya yi nauyi, allura na hannunta barci zai kwashe ta. Al'adarta ma ta rikice. Ranar kasuwar Tsafe Wasila ta hango ta tana jan ƙafa, ta koma gida da gudu.

"Iya, ta bar sha, ga abu ya hito! Ciki ne, ko makaho ya shahwa ya sani."

Magana ta bi motocin haya ta isa Bilbis. Mata suka fara shigowa gidan Inna Hasana neman aron rariya, idonsu na kan cikin yarinya.

Mas'udu ya kwana biyu bai zo ba, kishi da kewa suna cin sa. Ran da ya kasa daurewa ya zo da azahar, aka ce ya shigo ciki don ba ta iya fitowa zaure. Ya same ta a tsakar gida cikin rana, ƙudundune da bargo.

"Sannu da zuwa," ta ce. Muryar ta dushe, kamar ba tata ba. "Ka gani? Na cika alkawari."

Inna Hasana da ke tankaɗe ta saki rariya. "Wane alkawari?" Ta faɗa ɗaki ta fito da tandu, ta zazzage a tafin hannu. Ga ƙwayoyi nan cike. Ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka.

"Ni na kashe ki da bakina! Ɗan nan, ciwon wuya gare ta, maganin shi ne rayuwarta. Ni na hana ta hwaɗi, don kar ka gudu kamar na hwarko."

Mas'udu ya kalli ƙwayoyin, ya kalli Juwairiyya. Tsoro ya kama shi, da kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Washegari ya ɗauki shatar mota zuwa asibiti a Gusau. Iya ta ce ƙafarta ƙafarsu, ba za a yi gwaji a bayan idonta ba. Likitar, wata mace mai tabarau, ta sa aka yi gwaje-gwaje, sannan ta tara su.

"Babu ciki. Wannan ƙwaya madadin abin da wuyanta ya kasa yi ce, ba ruwanta da hana haihuwa. Rashin shanta ne ma zai iya hana ta samun ciki in ta yi aure. Wa ya ce ta daina?"

Mas'udu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

A mota Iya ta yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa. Ita dai ba ta yarda ba. Wa ya sani ko an ga likitar tun kafin su zo? Takarda kowa na iya rubutawa, amma kaza ba ta karɓar cin hanci.

Suna shiga gida a Kwatarkwashi, tana kwance mayafi, sai ga jar kaza ta fito daga ƙarƙashin rumbu tana ƙoƙ-ƙoƙ, 'yan tsaki na biye da ita reras. Ashe wuri ta sauya, can take zuba ƙwanta ta kwanta a kai. Matar da ta tsufa tana kiwon kaji, zargi ya hana ta leƙa ƙarƙashin rumbunta.

Iya ta tsaya riƙe da mayafi. Can ta ce, "Auta, gobe ka kai ni Bilbis."

Ta je, ta durƙusa wa Inna Hasana duk da ta girme ta, suka yi kuka suka yafi juna. Wasila ma ta zo da kanta ta nemi gafara. Mas'udu ne bai samu da sauƙi ba. Juwairiyya ta koma kan maganinta, kumburi ya soma saɓewa, murya ta dawo, amma ta ƙi fitowa zaure. Ya aika kaset, aka dawo masa da shi ba a juya ba. Sai da gero ya fara fitar da kai ta yarda ta fito. Ya durƙusa a gabanta.

"'Yar Bilbis, ki yahe min."

"Na yahe ma Iya tun ranar da ta zo," ta ce. "Ita da kaza ta gwada. Kai da ni ka gwada."

Bai kare kansa ba. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"Gaskiya ne. Kin ce in yarda da ke, na ƙi. Ba ni da abin cewa sai dai ina son ki, kuma in kinka kore ni ban ga laihinki ba."

Ta bar shi a durƙushe har sai da ta ga ƙafarsa ta fara rawa.

"Ni ma na yi wauta da na bari don in hwaranta ma. Ba ni ƙarawa, ko don kai, ko don kowa. Kuma ba ni ƙara ɓoye shi. Ka ji sharaɗina."

"Na ji, na ɗauka."

"To tashi, Na Dutse, kar a ce na karya ma Iya auta."

Bayan an gama girbi aka ɗaura aure a Bilbis, aka kai amarya Kwatarkwashi da guɗa. Sahabi mai kemis ma ya zo, ango da kansa ya ba shi wuri a tabarmar gaba.

Washegari da sassafe, baƙi ba su gama watsewa ba, Iya ta yi sallama a ƙofar ɗakin amarya da kofin ruwa a hannu. Juwairiyya ta rufe fuska don kunya, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Kin sha?"

"Yanzu za ni sha, Iya."

"To ga ruwa. Sha a gabana, kowa ya gani."

Juwairiyya ta ɓallo ƙwaya daga kwalinta, ta haɗiye, 'yan biki na leƙe ta taga. Iya ta karɓi kofin.

"Wai da gaske likita take, kullum ne? Ba ranar gamawa?"

"Kullum ne, Iya. Har ƙarshen rayuwata."

Iya ta ɗora hannu a kan amaryar.

"To Allah ya sa ki shekara tamanin kina shan shi a gidan ga, ɗiyata. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka."

Daga bayan ƙofa Mas'udu ya riga kowa cewa amin.