Abarbar Gwangwani

Sati uku da rasuwar yayata Hilke, 'yarta Tomke ta tsaya a wata rumfar kayan marmari a kasuwar garin Leer, ta tambayi abarbar gwangwani. Saurayin da ke rumfar, Renke, ya dafe ƙirji ya ce yau an zagi sana'arsa. Maimakon dariya, sai ta fashe da kuka. Ya rasa abin yi, ya yanka mangwaro ya miƙa mata.

Tun daga ranar yake kiranta Gwangwanina.

Duk ranar haihuwar wani a gidan, Hilke kan haɗa salak na kaza da abarba da mangwaro. Da ta tafi, mijinta Onno ya daina cin abincin kirki, sai Tomke ta lallaɓa shi. Shi ya sa da maganar aurenta da Renke ta zo ya ce sam. In aure ne, ga ɗan maƙwabta nan, katanga ɗaya, ba wanda zai kai masa 'ya can Oldenburg, garin su Renke, ba. Ni na san ba yaron ya ƙi ba, kaɗaici yake tsoro.

Tomke ta tura saƙo: "Ka yafe min, Renke. Ba zan bar Baba ya rasa mutum biyu a shekara ɗaya ba."

Ya amsa: "Gwangwanina, ni ba ragewa na zo yi ba. Ki bar ni in zo ranar haihuwarsa, sau ɗaya kawai."

Ya roƙe ni takardar da Hilke ta rubuta haɗin da hannunta, na ba shi. Abarba gwangwani ɗaya ta rubuta. Shi kuwa ya ga bai kamata a tuna da ita da abin gwangwani ba. Ya zaɓi ɗanyar abarba mafi kyau a rumfarsa, ya haɗa tun jajibere ya sa a firiji. Bai san in ɗanyar abarba ta kwana da nama da kindirmo, narkar da naman take ta bar ɗaci ba.

A teburi Tomke ta kai cokali ɗaya, ta sunkuyar da kai. Naman ya dagargaje. Renke ya miƙe zai ɗauke kwanon, Onno ya riƙe.

"Ɗanya ka sa?"

"Eh, Baba."

"Kuma ya kwana?"

"Ya kwana."

Onno ya ci gaba da ci, hawaye na sauka a gemunsa. Ya ce haka Hilke ta yi ranar da ta fara girka wa mahaifiyarsa. Tsohuwar ta ture farantin, shi kuwa ya cinye kwanon duka don kada Hilke ta ji kunya. Daga nan ta koma gwangwani. Ni ƙanwarta ban taɓa jin labarin ba.

"Shekara talatin ban ji wannan ɗacin ba," ya ce. Ya ɗago ya dubi Renke. "Ka ɗauke ta. Amma ranar Lahadi tawa ce."

A watan Mayu aka ɗaura auren. Ango da kansa ya kawo kwalin gwangwani, abokan sana'arsa suna ta yi masa tsiya. Onno ya fasa su, ni na haɗa, takardar Hilke a jingine da tukunyar shayi. Ya yi daɗi, amma bai kai nata ba.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya yawaita musu Lahadi. Ke kuwa Hilke, 'yarki ta samu wanda ya yi irin kuskurenki.